Cikakken Burus

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na biya zabiya kuɗin gumina don ta tona mini asiri a lasifika. Babu wanda ya sa ni. Ni na ja ta gefe, ni na danƙa mata jika ɗaya ta sefa, wato dubu ɗaya, ni kuma na raɗa mata abin da za ta faɗa. Amma bari in faro daga farko, kada ku ɗauka haukan na gado ne.

Ni malamar firamare ce a Gounghin, ina zaune a abin da ya rage na Zangon Wagadugu, a gidan Baffana Malam Idi, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama. Tun a lokacin ya sa mini suna Uwar Tambaya, domin ko tuwo aka ba ni sai na tambayi dalilin da ya sa na jiya ya fi laushi. Wannan halin ne ya ja ni. A ajina akwai wata yarinya, Asetu, wadda in ka gan ta a bakin titi tana taya uwarta sayar da ƙosai, sai ka ce rediyo aka kunna. Da ta shigo aji sai bakin ya mutu. Ba ta da ciwo, ba a dukanta, kuma ba daƙiƙiya ba ce. To me ke faruwa a tsakanin bakin titi da bakin ƙofar aji? Tambayar nan ta hana ni sakat, har wata abokiyar aikina ta gaji da ni ta ce akwai masu karanta wannan abin a digiri na biyu, ilimin halayyar yara 'yan makaranta, in je in dame su can.

Bayyana wa 'yan gida wannan karatu ma aiki ne. Baffa ya saurare ni har ƙarshe, ya shafa gemu, ya ce, "Wato likitar mahaukata za ki zama." Gwaggo Hajara, yayarsa, mai shagon atamfa a babbar kasuwar Rood Woko, ita kuwa cewa ta yi, "Duba za ki koya? Ai in don a san abin da ke zuciyar yaro ne, a saya masa alewa." Na ce a'a, karatun sauraro ne, yadda za ka ji abin da yaro yake nufi ko da bai faɗa ba. (Ku riƙe wannan maganar tawa, za ta dawo ta same ni.)

Makarantu biyu ne a gabana. Akwai ta gwamnati, kuɗinta da sauƙi, sai dai karatun rana ne, dole in nemi izini a wurin aiki, kuma an ce in ba ka yi sammako ba a tsaye za ka ɗauki darasi. Akwai kuma wata ta kuɗi a wajen Koulouba, karatun yamma, ɗakuna masu sanyi, kujera kowa da tasa. Na je na leƙa sau ɗaya, na dawo da son ta a raina. Kuɗinta kuwa, ko na daina cin abinci na daina zuba mai a moto, wato babur ɗina, albashina na shekara ba zai rufe ba. Na lissafa ta gaba, na lissafa ta baya, na cire kuɗin anko, na cire kuɗin kati na waya, abin bai ko motsa ba. Baffa ya ce ta gwamnati zai iya, ya ma ware kuɗin ya ajiye. Ta Koulouba kuwa ya ce, "Iya ruwa fidda kai, 'yata."

Sai dai ita ta Koulouba tana ɗaukar nauyin ɗalibai kaɗan kowace shekara. Da Faransanci ana kiran wannan tallafi "bourse", mu 'yan lakwal, wato 'yan boko, mukan ce burs, in bakin ya gaji mu ce burus. Akwai cikakke, akwai rabi. Na cike takardu na kai, sannan na shiga wata irin rayuwa wadda ba na jin komai sai wannan kalma. Ina wanki ina burs, ina kan moto ina burs. Rajistar ta gwamnati kuma ana rufe ta wata Juma'a, ni kuwa na ƙi biya, ina jira in ji ta Koulouba tukuna.

Ana saura mako guda a rufe, ga mu cikin jarrabawar yara, babu halin in fita. Gwaggo ta ce tunda shagonta ba nisa, za ta biya ta tambayo mini. "Ni da nake shawo kan 'yan kwastan, wasu masu farar riga ne za su gagare ni?" Ban faɗa mata kalmar Faransancin ba, don na san ba ta san ta ba. Cewa na yi kawai, "Gwaggo, ki tambayo ko sun ɗauki nauyina."

Ta kira ni daidai lokacin tashin yamma, ina tsakiyar fili, yara na ihu ta ko'ina. Na toshe kunne ɗaya da yatsa.

"Na je!" in ji ta. "Burus suka yi mana, 'yar nan. Burus!"

"Gwaggo, burus kika ce?"

"Wallahi burus!"

"Cikakke ko rabi?"

"Wane irin rabi kuma? Cikakken burus! Ban taɓa ganin irinsa ba tunda uwata ta haife ni."

"Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! Allah na gode maka!"

Ta ce a sanyaye, "Kai, yarinyar nan, imaninki ya fi nawa." Katinta ya ƙare, waya ta yanke.

Na san abin da kuke tunani. Ni ma Bahaushiya ce, na san me ake nufi da a yi wa mutum burus, na sha yi wa samarin Zango shi. Amma a ranar, wallahi, wannan ma'anar ko leƙo kaina ba ta yi ba. Har mamaki na yi yadda Gwaggo ta koyo kalmar Faransanci daga shiga ofis sau ɗaya. (Na ce a raina, tsohuwar nan da ta yi lakwal da minista za ta zama.) Wani zai ce ai "suka yi" ta ce, ba "suka ba" ba. Gaskiya ne, amma mu da muke cewa mun yi rajista, mun yi diploma, mun yi moto sabuwa, wa zai tsaya bin diddigin wannan?

Da yamma na sami Baffa a zaure, na durƙusa, na ce masa da Hausa tsantsa sun ɗauki nauyina gaba ɗaya. Ya yi hamdala, ya tambaye ni, "Kin gani a rubuce?" Na ce Gwaggo ce ta jiyo da kunnenta. Har na ƙara da wani alfahari, na ce kuɗin da ya ware ya yi wani abin da su. Kafin kwana uku ya sayi kwano ya rufe rumfar da yake karantar da yara, wadda ta daɗe tana yoyo. Duk guduma ɗaya da kafinta ya buga sai in ji kamar ni ce na yi sadakar.

Washegari wata maƙwabciya ta kawo mini turmin atamfa daga Gwaggo, da saƙon cewa Allah ya ƙara mini juriya. Na ce lallai, karatun digiri na biyu sai da juriya. Na kai wa tela na ce ya yi mini ɗinkin da ya dace da mai burs. Ita Gwaggo tun da aka rushe gefensu na Zango ta koma bayan gari, ga shi kuma tana fama da ankon bikin 'yar ƙawarta, don haka ba mu haɗu ba. Juma'ar rajista ta zo, na wuce ta gaban makarantar gwamnati a kan moto, na ga dogon layi a rana, har na tausaya musu. Ofishin Koulouba kuwa na bari sai Litinin, in je a huce a matsayin wadda aka zaɓa.

Ranar Asabar aka yi wunin biki a Zango, an tare titi da rumfa, mata sun cika maƙil. Tsofaffi a kan tabarmi ta gefen inuwa, mu 'yan lakwal a kan kujerun roba muna haɗa Hausa da Faransanci da Moore a jimla ɗaya. Na zauna ina jira wani ya taya ni murna, babu wanda ya tanka. Na ce wato Gwaggo ta ɓoye labarin saboda baki. Ni kuwa abin ya cika mini ciki. A nan ne na tashi na ja zabiya gefe.

Ta karɓi jikarta, ta gyara murya, ta ɗaga makirfo.

"Jama'a a saurara! Ina 'yar Malam Idi? Ga ta nan cikin sabuwar atamfa! Malamar malamai! Ta nemi babbar makarantar Koulouba, kuma sun yi mata burus! Ba rabi ba, jama'a, cikakken burus!"

Abin da ya biyo baya, da ba ni ce a tsakiya ba, da na so in zauna in yi nazarinsa. Taron ya rabe biyu kamar an tsaga goro. Ɓangaren kujeru ya ɗauki guɗa da tafi, ana "Felisitasiyo, madam!" Ɓangaren tabarmi kuwa ya ɗauki salati. "Allah sarki, marainiya." "Allah ya isar miki, 'yar nan." Wata tsohuwa ta taso da sandarta ta kama hannuna ta ce in bar su da Allah, haka suke yi wa 'ya'yan talakawa. Ni kuma ina ta murmushi ina cewa na gode, na gode, ina mamakin me ya sa take hawaye.

Sai ga Gwaggo ta keto taro, ɗankwali a karkace.

"Ke! Wa ya ce ki kai mu lasifika? Wulaƙancin da aka yi mini a ɓoye shi ne za ki raba wa duniya?"

"Wane wulaƙanci, Gwaggo? Ba ke kika ce sun ba ni burus ba?"

"Sun ba ki? Yi suka yi! Tun hantsi nake zaune a kan benci har aka kira azahar. Na yi musu Hausa, na yi musu Moore, na yi musu ɗan Faransancin kasuwa, ko kallona babu wanda ya yi. Daga mai gadi har mai kwat, burus!"

Zabiya ba ta sauke makirfo ba. Tana tsaye kusa da mu, baki buɗe, duk abin da Gwaggo ta faɗa ya fita ta lasifika har bakin masallaci. Sai wata 'yar ajinmu ta sakandare, mai aiki a banki yanzu, ta fara gane abin da ya faru, ta ƙyalƙyale da dariya har ta zamo daga kujera. Daga nan ta shiga fassara, tana yi wa 'yan tabarmi bayanin burs, tana yi wa 'yan kujera tunin burus. Ban taɓa ganin tsofaffi da 'yan lakwal na Zango sun yarda da juna a kan abu ɗaya ba sai ranar, kuma abin da suka yarda a kai shi ne ni. Na so ƙasa ta tsage in shige da sabuwar atamfata. Zabiya kuma, don kada kuɗina su tafi a banza, ta ƙara da cewa, "To, ko ma wanne ne, cikakke ne!"

Ranar Litinin na je Koulouba da kaina. An liƙa sunaye a allo, na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama, babu nawa. Na garzaya makarantar gwamnati, aka ce an rufe tun Juma'a, sai baɗi. Na dawo gida na tarar da Baffa zaune a ƙarƙashin sabon kwanonsa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dube ni ya ce, "Uwar Tambaya, ke da kike tambayar tuwo, ranar da tambaya ɗaya za ta cece ki sai kika yi hamdala." Na yi kuka sosai a ranar, domin shekara guda ce ta tafi, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi.

Shekarar nan na ci gaba da koyarwa, ina tara nawa, Baffa yana ƙara abin da ya samu. Ita ma Asetu na daina yi mata fassarar shirunta. Wata rana na zauna kusa da ita na tambaye ta kawai, da Moore, me ya sa ba ta magana a aji. Ta ce tun a aji ɗaya ta taɓa faɗin wata kalmar Faransanci ba daidai ba, aka yi mata dariya. Na ce mata ai ni an yi mini tawa a lasifika, na ba ta labarin duka. Ranar na fara jin dariyarta a cikin aji.

Da shekara ta zagayo ni ce ta farko a layin makarantar gwamnati, cikin ranar da na tausaya wa wasu. Yanzu ina shekara ta biyu, kuma gaskiya ne, in ban yi sammako ba a tsaye nake ɗaukar darasi. A Zango sunana ya koma Madam Burus, har yara na kira ba su san asalinsa ba. Abin da na koya, tun kafin malamai su buɗe baki, shi ne in labari ya yi maka daɗi fiye da kima, ka ce wa mai ba da shi ya maimaita da wata kalmar. Ranar da na gaya wa Gwaggo an ɗauke ni, ba ta yi guɗa ba. Ta ajiye almakashi, ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce, "Da wane yare suka faɗa miki?"