Injiniya Ya Zo da Mijinshi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da kunnena ya ci amanata a Arlit ba, ko da kuwa tsufa ya kai ni ga neman tabarau alhali yana kan hancina.

Ni mutumin Damagaram ne, injiniyan gyaran injuna a wani kamfanin haƙar uraniyom. Ina da halaye guda biyu da matata ta gaji da yi mini wa'azi a kansu: yawan surutu, da gyara wa mutane Hausa. Na biyun nan Arlit ce ta ƙara mini shi, don garin nan kowa da tasa Hausar. Mutumin Tawa ya ce maka "mi ya hwaru", na Maraɗi ya ja tasa, Ba'abzine kuma ya zo da murna ya ce maka "matana ya haihu". Wallahi abin yana burge ni. Nakan zauna wajen mai shayi ina sauraro kamar mai kallon wasa, ina tambayar kaina me ya sa "ya" da "ta" suke ba mutane wuya haka, bayan su ma a Tamajak suna da mace da namiji. (Ban taɓa koyon jimla ɗaya ta Tamajak ba, amma wannan bai hana ni zama alƙalin harshen wasu ba.)

To, sai kamfani ya tura ni Yamai wani horo kan yadda wurin aiki zai ɗauki kowa: mace da namiji, mai lalura da mai lafiya, ɗan gari da baƙo. Na dawo da takardar shaida da sabon kuzari, aka naɗa ni shugaban kwamitin da zai kula da wannan. Na manna hoton wata mata mai hular kwano tana murmushi a bangon birona, wato ofishina. A ataliyenmu kuwa, wato babban ɗakin gyaran injuna, babu mace ko ɗaya. Daga cikin abin da na koyo a Yamai har da cewa bai kyautu ka riƙa gyara wa abokin aiki magana a fili ba, yana sa shi jin kamar bare ne. Sai na daina. Na koma gyarawa a zuci.

A lokacin babban famfon da ke zuƙe ruwa daga ramin ma'adini yana ta ba mu ciwon kai, yau ya tashi gobe ya tsaya. Ran nan darakta ya kira ni a waya ya ce an samo ƙwararren injiniyan famfo, an daɗe ana nema, kuma wani kamfanin zinariya ma yana zawarcinsa. Ya ce zai zo ya ga wuri tukuna kafin ya sa hannu. "Kai ne mai kwamiti, ka karɓi baƙo hannu biyu. In ya juya ya tafi, kai zan tambaya." (Da Faransanci ya yi maganar. Ni ne na mayar da ita Hausa a kaina, na kuma zuba mata "ya" da "shi" yadda na ga dama.)

Ranar zuwan, direbanmu Agali, Ba'abzine ne daga wajen Gugaram, ya kira ni daga bakin ƙofar kamfani. Shef suke ce mini, wato shugaba.

"Shef, injiniya ya zo. Ya zo da mijinshi."

Na yi murmushi irin na wanda ya je horo. A zuci na ce, Allah sarki Agali, matarshi yake nufi. A fili kuma na ce, "Madalla, ga ni nan."

Na isa na tarar Agali ya sauke su ya tafi wanke mota. Mutum biyu ne a tsaye. Wani dogo da farin rawani ya rufe baki da amawali, yana riƙe da jakar kwamfuta. Sai wata mata 'yar madaidaiciya da shuɗin mayafi, gajiyar hanyar Agadas duk ta bayyana a fuskarta. Ban ko yi shawara da zuciyata ba, na kama hannun dogon nan da hannu biyu.

"Injiniya! Sannu da hanya, sannu da zuwa!"

"Yauwa, sannu Malam. Amma ni dai rakiya..."

"Rakiya ai mu za mu yi maka! Ko'ina sai na kai ka da ƙafata."

Na juya wajen matar, na ɗan rusuna, don a ga tarbiyya. "Madam, sannu da ɗawainiya. An jima za a kai ki ki ga gidan, kicin ɗin yana da faɗi, za ki ji daɗinsa."

Ta dube ni, ta dubi mutumin. Ya buɗe baki zai yi magana, ta faɗa masa wata gajerar kalma da Tamajak, sai ya sunkuyar da kai ya fasa. Ni kuwa na ce a raina, ka ga zaman lafiya, mace mai kunya ba ta son mijinta ya yabe ta gaban baƙi. Daga baya na samu fassarar abin da ta ce: "Ƙyale shi, mu ga iyakarsa."

Muka biya ma'ajiyar kaya na karɓo masa rigar aiki da takalmi da hular kwano. Ya karɓi rigar, ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da yatsa, ya ja hannun rigar kaɗan.

"Wannan ɗinkin gaggawa ne. Daga hammata zai fara buɗewa."

Wani daɗi ya rufe ni. Na ce lallai an samo mana mutum, wanda ya lura da zaren riga ina famfo zai ɓuya masa? Hular kuwa ta ƙi shiga, don bai yarda ya kwance rawaninsa gaban mutane ba, ni kuma mai kwamiti ba zan tilasta wa mutum barin al'adarsa ba. Sai na ɗora masa ita bisa rawanin, ta zauna can sama kamar an kifa ƙwarya a bakin tulu.

A ƙofar ataliye akwai layi mai ruwan ɗorawa a ƙasa, doka ce ba mai ƙetare shi sai da hula da takalmin aiki. Matar ta tsaya daidai layin ba tare da kowa ya gaya mata ba. (Har wannan na lura da shi, na kuma yi mamaki, amma mamakina bai haifi tambaya ba.) Na sa aka kawo mata kujera da ruwan sanyi, na tara ma'aikata, na gyara murya.

Jama'a, na yi jawabi. Na ce wannan kamfani gidan kowa ne. Na ce ba ma duba ƙabila, ga shaida nan a tsaye da rawaninsa. Na ce ilimi ba shi da jinsi. Da abin ya yi mini daɗi har na nuna ƙofa da hannu na ce, "Ku dubi Madam can. Wata rana, da yardar Allah, 'ya'yanta mata za su ƙetare layin nan da hular kwano a kansu!" Aka yi tafi. Ita ma ta tafa, a hankali, tana kallona kamar yadda nake kallon mutane wajen mai shayi.

Sai na ja baƙona wajen famfon da aka kwance aka ajiye a tsakar ataliye. "Injiniya, ga majinyacinmu. Me ka gani?"

Bawan Allah ya zagaya shi. Ya taɓa wani ƙarfe, ya duba yatsansa, ya goge a rigar. Ya waiwaya ƙofa kamar mai neman ceto. Sannan ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya, amma ataliyen ya yi tsit, kowa ya ji.

"Malam, tsakani da Allah, ni keken ɗinki na sani."

Na fashe da dariya, ni kaɗai. Na ce, "Kun ji tawali'u!" Ina cikin dariyar ne na hangi darakta ya iso ƙofa. Ya tsaya gaban kujerar nan, ya cire tabarau, ya ce da ƙarfi, "Injiniya Azara! Me kike yi a bakin ƙofa?"

Ta miƙe, ta ajiye kofin ruwa. "Ranka ya daɗe, jira nake mai gidana ya gama da hulata."

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Gumi ya karyo mini tun daga ƙeya har cikin takalmi, na ji kamar in shige cikin famfon a mayar da murfi. Telan nan, Malam Rissa sunansa, ya sa hannu biyu ya sauke hular a hankali ya miƙo mini, wallahi har da tausayi a idonsa. Ma'aikata suna ta danne dariya, sai wani tsohon mai walda, mutumin Tawa, ya ce daga baya, "Shef, kahin injiniya shi tahi, ina da wando guda da ya yage." Nan ataliyen ya ɓarke.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta sa hular, ta tambayi takalmi, aka duba ma'ajiya kaf, mafi ƙanƙanta a ciki ƙafarta biyu za su shiga. Haka ta ja shi ƙiii ƙiii ta zagaya famfon, ta yi tambayoyinta, ta rubuta abin da za ta rubuta. Da darakta ya tambaye ta maganar sa hannu, ta ce za ta yi tunani. Kallon da ya yi mini, da kallo yana korar mutum daga aiki da a ranar na kwana a motar Damagaram.

Laifi tudu ne, sai na taka nawa na tafi neman na Agali. Na same shi yana goge gilashin mota.

"Agali, ka kashe ni! Don me ka ce mini ya zo?"

Ya tsaya da tsumma a hannu, ya dube ni da mamaki na gaske. "Shef, ni na ce maka ya zo da mijinshi. Namiji yana da miji?"

Na koma biro na zauna ƙarƙashin hoton matar nan mai murmushi, ina juya jimlar kamar yadda Malam Rissa ya juya riga. Abin har ya fara ba ni sha'awa, duk da zuciyata na zafi. Jimlar Agali tana da karkata, gaskiya ne, kuma wuri biyu ake iya miƙe ta: ko a gyara "ya", ko a gyara "miji". Shekara da shekaru ina jin Abzinawa suna musanya "ya" da "ta", ni da ke ba da labarin abin a majalisa. Ban taɓa jin ko mutum ɗaya ya ce miji yana nufin mata ba. Amma da aka haɗa mini kalmar injiniya da mace, kunnena ya gwammace ya ƙirƙiro kuskuren da ba wanda ya taɓa yi, da ya yarda da abin da aka faɗa masa. Kuma wannan kunnen shi ne ya je Yamai ya dawo da takarda.

Bayan la'asar na ɗauki kunyata na tafi masaukin baƙi. Na tarar Malam Rissa yana dafa shayi a tsakar gida. Yana ganina ya ce, "A'a, abokin aiki! Bismillah." Na zauna a bakin tabarma kamar ɗan makarantar da ya makara. Ta fito, na fara jero ban haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Mushe," ta ce, wato Malam da Faransanci, "ba kai ne farau ba. A makaranta an ɗauke ni mai shara, a wurin aikina na farko an aike ni dafa kafe da shayi. Amma kai ne na farko da ya yi mini jawabi."

Na ce, "Madam... Injiniya, me ya sa ba ki tsayar da ni tun a ƙofa ba?"

"So nake in san gidan da zan shiga. Ka tambayi mai gidana lafiyar hanya, ka tambaye shi famfo. Ni ruwa kawai aka tambaye ni ko zan ƙara. Da mutum ɗaya ya ce mini, Madam, ke wane aiki kike yi, da magana ta ƙare."

Na tambaya da muryar da ni kaina ban gane ta ba, ko za ta tafi wajen masu zinariyar.

Ta daɗe tana juya kofin shayi. "Famfon nan naku ya ba ni sha'awa, ina son in san abin da ke cin sa. Zan zauna. Amma kwamitinka ya samo mini takalmi daidai ƙafata, da makewayi mai ƙofa kusa da ataliye. Jawabi kuma na ƙoshi."

A hanyar gida ne na lissafa cewa tun da aka naɗa ni nake kiran mata su zo, amma ban taɓa leƙa ma'ajiya na ga ko akwai takalmin da zai shige su ba. Baki ya yi gayya, gida bai yi shimfiɗa ba.

Ta zauna, takalmi ya zo, makewayi ya samu ƙofa. Rigar aikinta kuwa mijinta ne ya rage mata, kuma ya yi gaskiya, tawa daga hammata ta fara buɗewa. A ataliye har yau in na juya baya sai in ji wani ya ce a hankali, "Mijinshi ya wuce." Na daina waiwayawa.

Abin da na koya bai kai a tura mutum Yamai ba, kakata ma ta san shi: mai tambaya ba ya ɓata. Sai dai na ƙara da nawa. In ka ji maganar wani ta karkace, kafin ka miƙe ta, ka duba tukuna ko kai ne kake zaune a karkace.