Firizar Tasalla Mai Famfo Uku

Wani mutum ne a unguwarmu a Funtuwa, Sallau, mijin jikata Tasalla. Ina son yaron nan, Allah ya sani, ba shi da mugunta ko ta ƙwayar gero. Amma baki! In Sallau ya fara zuba, ko rediyo sai ta yi shiru ta saurara. Ya taɓa yin wata huɗu a Fatakwal yana gadin wani shago da ake ajiye kifi a sanyi. Gadi fa, a bakin ƙofa, da benci da tocila. Tunda ya dawo ya ce a riƙa kiransa Injiniya, wai duk ƙasar nan ba wanda ya san halin sanyi kamarsa.

Ita Tasalla kunun aya take yi na sayarwa, mai dabino da kwakwa, in ka kurɓa sai ka lumshe ido. Firizarta ita ce gonarta, irin doguwar nan mai murfi a sama. Aibinta ɗaya, sanyinta ba ya adalci. Gorunan ƙasa su daskare su zama dutse, na sama kuwa kamar ruwan wanka. Mutum ya zo da ƙishi, a miƙa masa curin ƙanƙara, ya tsaya a rana yana girgizawa yana tsotso.

Ran nan Sallau ya shigo da famfo uku na roba da tiyo da injin huda ƙarfe da ya aro. Ina zaune ina tsince mata aya.

Ya ce, "Tsohuwa, matsa ki ga ilimi. A Fatakwal ba a wahala da gora. Jarka ake sawa a ciki, a zaro tiyo, a kafa famfo a waje. Ka murɗa, shaaa, sanyi ɗaya daga sama har ƙasa."

Tasalla ta ce, "Baban Nana, don Allah a kira Malam Iliya ya duba tukuna."

Malam Iliya shi ne mai gyaran firij na bakin titi, dattijo marar surutu. Ya zo ya shafa jikin firizar kamar mai duba saniya. Ya ce, "Sallau, kar ka huda ta. Bangon nan cike yake da jijiyoyi, a cikinsu iskar sanyi take yawo. In daidaito kake so, a ɗora jarkokin kan katako, a sa 'yar fanka a ciki, in haɗa mata abin da zai riƙa kashe ta yana kunnawa."

Sallau ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam Iliya, wannan karatun zamanin da ne. Je ka sha shayi."

Malam Iliya ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya sa takalminsa.

Girrrr! Huda ta farko lafiya. Girrrr! Ta biyu lafiya. Ya juyo ya ɗaga mini gira. Ya kafa ta uku, sai muka ji fssssss, kamar an taka kububuwa. Wani wari ya taso, wani mai ya ɗan tsattsafo.

Na ce, "Kai angona, wannan kukan na mene ne?"

"Muguwar iska ce ke fita, tsohuwa. Ita ce dama take hana sanyi daidaita. Gara da ta tafi."

Ya liƙe wurin da cingam da sabulu, ya kafa famfonsa, ya zura jarkoki, ya kawo kwaɗo ya garƙame murfin. Ya ce daga yau ba mai buɗewa sai shi, in mace ta buɗe sanyin zai rikice. Makulli ya rataya a wuya kamar laya.

Abin mamaki, washegari Tasalla ta murɗa famfo, kunu ya zubo da sanyi ƙarara, ba daskarewa, ba ɗumi. Ni ma na sha na sa masa albarka. Ashe firizar ta riga ta mutu tun a wannan fssss ɗin. Gurnani kawai take yi a banza. Shi kuwa kullum da sassafe, da Tasalla ta tafi markaɗe, sai ya zaga ta bayan layi wurin Kuluwa mai ƙanƙara, ya cika buhu, ya lallaɓo ya jera a tsakanin jarkoki, ya kwashe ruwan jiya da kofi ya zuba wa bishiyar gwanda. Gwandar nan ta yi shar, muna ta cewa albarka ce.

Kwana shida ana haka, unguwa ta ɗauka. Sai ga Hajiya Indo matar Alhaji Nababa, 'yarta ta sauke Alƙur'ani za a yi walima ranar Asabar bayan la'asar. Ta ba Tasalla aikin kunu, jarka uku. Tasalla ba ta taɓa samun babban aiki irin wannan ba. In ya yi kyau, duk bikin unguwa nata ne. Maimakon Sallau ya yi shiru, sai ya ce ai firizar ma dungurungum za a kai ƙofar gidan, kowa ya murɗa da hannunsa.

Da Alhaji Nababa ya ji, ya ce, "Injiniya, an ɗauke wuta tun jiya fa."

"Alhaji, tawa ba ruwanta da wuta. Kwana uku take riƙe sanyi a cikinta kamar raƙumi."

Abin da bai lissafa ba, firizar Kuluwa ita da ruwanta da wuta. Asabar da safe ya je, ba ƙanƙara. Ya zaga kasuwa, ya zaga tasha, ko ta sawa a ido babu. Ya dawo ya tarar Tasalla ta tace kunu. Ya ɗura a jarkoki, ya toshe bakinsu tam, ya kulle, ya yi shiru da bakinsa. Aka ɗora firizar a kura aka kai rumfar walima tun hantsi. Kun san kunun aya, ba ya haƙuri da zafi ko na sa'a biyu. Ga shi a akwatin ƙarfe, ga ranar Funtuwa.

La'asar ta yi, rumfa ta cika, mu mata muna daga zaure muna leƙe. Sallau ya sha farar shadda, gumi na bin wuyansa. Sai jan lokaci yake yi. Ya ce a ƙara addu'a. Aka ƙara. Ya ce a fara cin shinkafa. Aka cinye.

Alhaji Nababa ya miƙa kofi. "Injiniya, maƙogwaro ya bushe."

Firizar kuwa tana ta wani ƙugi, gulu-gulu-gulu.

"Wannan fa?"

"Sanyi ne ke zagayawa, Alhaji."

Ya durƙusa ya taɓa famfo a hankali. Fuuush! Famfon ya fice kamar harsashi ya bugi kwanon rumfa. Kumfa ta biyo baya, ta wanke masa fuska, ta cire masa hula, ta gangara cikin aljihu. Tsami ya cika wurin, ƙudaje suka taho daga unguwa uku. Yana ƙoƙarin toshewa da tafin hannu, na biyu ya tashi, fau!

Ana cikin haka sai ga Kuluwa ta kutso, haki take yi, da ƙullin leda a hannu. Da ƙarfi ta ce, "Injiniya, yi haƙuri! Guda biyu na samo maka a Bakori. Na ce yau kwana bakwai ba ka fashi, kar firizar taka ta kwana da yunwa."

Kowa ya juyo ya dubi Sallau. Tasalla ta fito daga zaure, ta cire makullin daga wuyansa ta buɗe. Ledojin ƙanƙara fanko suna iyo a ruwan ɗumi. Na ga idon yarinyar nan ya kawo ruwa, zuciyata ta karye. Na je na kama hannunta, na ce wa Hajiya Indo laifin ba na mai kunu ba ne, kowa ya gani. Hajiya ta ce ta gani, har ta shaƙa.

Malam Iliya ya duba ya ce jijiyar ta tsinke a inda hannu ba ya kai wa, sai dai haƙuri. Amma Tasalla ba ta bar sana'a ba. Akwatin yana riƙe sanyi in an ciyar da shi, don haka ta yanke hukunci. Yanzu kullum da safe za ku ga Sallau ya fito daga gidan Kuluwa, ta babban titi ba ta bayan layi ba, buhu a ka, ruwa na ɗiga masa a ƙeya.

Jiya wata baƙuwa ta sha kunun ta ce, "Kai, wannan firiza da sanyi take! Wane irin inji gare ta?"

Tasalla ta nuna shi da haɓa, yana sauke buhu. Ta ce, "Ga shi nan. Ba ya shan wuta, sai dai tuwo malmala uku."