Komin Ragon Hajiya a Tsakiyar Falona

Ba zan taɓa mantawa ba, wata shekara ana gab da Kirsimeti, na ɗaura ɗamarar koya wa matan cocinmu yadda ake adon gida cikin tsoron Allah. Ba wanda ya aike ni. Ni na naɗa kaina malama, ni na tsara darasin, kuma da aka tashi makarantar ni na zo ta ƙarshe. Har yau in ina tankaɗe ko wanke-wanke abin ya faɗo mini, sai in ajiye abin da ke hannuna in rufe fuska, ko da ba kowa a gidan.

A Ƙofar Kaura muke haya, a wani ɓangare na gidan wani dattijo, tsakar gida ɗaya muke da uwargidansa, Hajiya Binta. Mu kaɗai ne Kirista a layin, amma ba mu taɓa jin baƙunta ba. Da Sallah cinyar rago ke shigo mana, da Kirsimeti kuma ni ke cika kuloli da shinkafa in bi gida-gida. Hajiya tana kiwon wani farin rago da take kira Ɗan Gata, kuma sunan ya bi shi, don ko jikokinta ba su ganin lallashin da yake gani.

Al'adar Zumuntar Mata ta cocinmu ce, in watan Kirsimeti ya kama, sai mu riƙa zagaya gidajen juna da yamma, a yi waƙa, a karanta labarin haihuwar Almasihu, a yi addu'a, a ɗan taɓa cincin. Makon da ya gabaci nawa a gidan Maman Godiya aka yi. Maman Godiya ba baƙuwa ba ce a wurina. Ita ta zauna da ni a asibiti da zan haifi 'yar farina Rifkatu, ita ta yi mini wankan jego tun da mahaifiyata tana can ƙauye ba lafiya. Yaya nake kiranta.

Muna shiga falonta sai ga itacen Kirsimeti na roba, ya kusa taɓa rufi, an naɗe shi da ƙananan fitilu masu ƙyafta ido, ga ƙwallaye ja da ruwan zinari, ga auduga an yayyafa wai ƙanƙara ce (ƙanƙara a Katsina, jama'a). Mata suka hau yabo. Ni kuwa abin bai burge ni ba. Da ma a gida yarana sun ishe ni, zancen Kirsimeti a bakinsu bai wuce ɗinki da kaji da sabon takalmi ba, ko sau ɗaya ban ji sun ambaci Yesu ba, abin yana damuna ƙwarai. Wannan damuwar gaskiya ce, Allah ya sani. Inda na ɓata shi ne da na buɗe baki a gaban kowa na ce, "Yaya, ado ya yi ado. Sai dai na duba ko'ina ban ga mai bikin ba."

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ku sha zoɓo tun da sanyinsa." Ni kuwa na koma gida ina jin kaina kamar wata annabiya.

To, wanda ya yi irin wannan magana dole ya nuna nasa. Na yanke shawara ba roba a gidana, ba ƙyale-ƙyale. A komin dabbobi aka kwantar da Mai Ceto, saboda haka komi za a gani a falona, kuma na gaske. Na zura hijabin da nake sawa in zan leƙa maƙwabta, na tsallaka wajen Hajiya. Bayan mun gaisa, mun tambayi kwanan yara da na maigida da gajiyar jiya, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Komin Ɗan Gata?" ta ce. "Mi za ki yi da shi, Maman Rifkatu? Kiwo za ki fara?"

Na yi mata bayani. Ta saurara da kyau, don ita mace ce mai girmama Annabi Isa da mahaifiyarsa, in ta ambace su sai ta haɗa da addu'a. Ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah, ashe a haka ta sauka. Ɗauki, ɗiyata, har da harawa in ƙara maki. Sai dai wanga yaro nawa ya san abinsa. Ban sani ba ko zai yarda ya ci a daro."

Na yi dariya na ce kwana biyu ne kawai, ai zai haƙura.

Komin na itace ne, sassaƙaƙƙe, ya sha shekaru. Na wanke shi da sabulu, na goge da toka, na shanya, na sake wankewa. Warin rago ya ce yana nan daram. Na ajiye shi a tsakiyar falo, na shimfiɗa harawa a ciki da kewaye, na sami ɗan matashin kai na naɗe shi da farin zanen da na goyi yarana da shi, na kwantar a kai. ('Yar tsana ban sa ba, kada wata ta ce na kawo gunki.) Na kashe ƙwan lantarki na kunna fitilar ƙwai. Gaskiya ya yi kyau. Da yarana suka dawo suka tsuguna a gabansa shiru, ƙaramin ya ce, "Mama, a nan ya kwanta? Ba katifa?" sai da na yi hawaye. Da a nan na tsaya, da lafiya lau.

Baban Rifkatu ya shigo daga aiki, ya ja numfashi, ya dube ni. "Uwargida, kasuwar dabbobi aka dawo da ita nan?"

Na ce, "Haka Baitalami ta yi wari."

Ya ce, "To, Allah ya ba da lada. Ni dai a waje zan ci tuwona."

Saboda warin nan ne ranar taron na turara falon da turaren wuta, na ɗage labule, na bar ƙofa a wangale don iska ta riƙa shiga.

Bayan la'asar mata suka fara isowa cikin ankonmu, takalma suka taru a bakin ƙofa. Duk wadda ta shigo sai ta dafe ƙirji. "Kai, Maman Rifkatu, kin kai mu can!" Mama, uwargidan Fastonmu, ta ce ba ta taɓa ganin irinsa ba. Ina ta cewa, "A'a, ba komai, ɗaukaka ta Ubangiji ce," alhali kaina ya kusa fin ɗankwalina. Maman Godiya ta shigo daga baya, hannu a kunci, ta gaisa a taƙaice ta zauna a tabarma dab da komin. Na ce a raina, fushi take, gaskiya ta taɓa ta.

Na jera farantan cincin da dubulan a gaban mutane, na ce sai an gama ibada. Aka buga tulu aka yi waƙoƙi, aka yi karatu. Sai Mama ta ce, "Mai gida za ta rufe mana da addu'a."

Duk wanda ya san ni ya san ba na gajeriyar addu'a, kuma in na runtse ido ko gini zai faɗi ba na buɗewa, haka aka tarbiyyantar da mu. Na miƙe tsaye, na ɗaga hannu, na fara. Na yi godiya don rai da lafiya, na bi ta kan marasa lafiya da matafiya da shugabanni, mata suna amsawa da amin. Ina cikin roƙo domin gwauraye da marayu sai na ji wani sauti.

Ƙurmus. Ƙurmus. Ƙurmus.

Wata tana cin cincin. A cikin addu'a. A gaban komi. Kuma daga inda Maman Godiya take zaune sautin ke fitowa.

Na ɗan dakata don mai yi ta ji kunya. Ba ta ji ba, sai ma ta ƙara himma. To, akwai wata dabara da mu matan coci muka iya, wadda ba a koyar da ita a ko'ina: in kana da magana da mutum ba ka son faɗa masa ido da ido, sai ka bi da ita ta sama. Na gyara murya.

"Ya Uba," na ce, "kana ji, kana gani. Ka ji tausayin waɗanda ba su iya haƙura da cikinsu ko na ɗan lokacin da ake magana da kai."

Amin ɗin ta ragu. Taunar ba ta ragu ba.

"Ya Ubangiji, ka buɗe kunnen masu taurin kai, waɗanda aka kawo su har gaban komin Ɗanka amma abin da za su ci kawai suke gani!"

Sai na ji wata ta shaƙe, wata tana jan hanci, tabarma tana motsi. A raina na ce alhamdu, zukata sun fara karyewa, kuka ake yi. Wannan ya ƙara mini ƙarfi, na saki wadda har gobe nake jin nauyinta:

"Ka tuna da waɗanda suka cika ɗakunansu da fitilu, amma ba su bar wa Mai Ceto wurin kwanciya ba!"

Ba wadda ta ce amin. Sai muryar Mama, tana rawa, ta ce, "Cikin sunan Yesu, Maman Rifkatu. Cikin sunan Yesu. Ya isa."

Na buɗe ido.

Ɗan Gata ne. Yana tsaye a tsakiyar falona, guntun igiya na lilo a wuyansa, kansa cikin kominsa, yana cin harawarsa hankali kwance. Ya ɗago ya dube ni, ganye na rataye a bakinsa, ya mayar da kai. Farantan cincin suna nan yadda na ajiye su, ko ƙwaya ba a taɓa ba. Mata kuwa kowace ta cusa gefen zane a baki, hawaye na zuba, kafaɗu na girgiza. Mama ta juya ta fuskanci bango.

Sai idona ya sauka a kan Maman Godiya. Ita ba dariya take ba. Ashe da ragon ya shigo ya sa ƙaho zai ture ɗan farin ƙunshin nan ƙasa, ita ta yi wuf ta cafe. Duk tsawon addu'ar da nake jifanta da ita, yana rungume a ƙirjinta, ta lulluɓe shi da mayafinta, har tana ɗan jijjiga shi ba ta sani ba, irin na wadda ta saba da goyo.

Ta dube ni ta ce, a hankali don bakinta a kumbure yake, "Ƙanwata, ni da aka cire wa haƙori jiya, da me zan tauna cincin?"

Nan falon ya fashe. Na nemi ƙasa ta tsage, siminti ya ƙi. Ana cikin haka sai ga sallamar Hajiya daga bakin ƙofa, da sauran igiyar a hannunta. "Ku yi haƙuri, bayin Allah, ku yi haƙuri! Tun jiya ya ƙi daro, ashe tsinkewa ya yi. Ɗan Gata, fito, marar kunya, ibada ake!" Ya ƙi motsi. Sai da aka ɗauki komin aka yi gaba, ya bi shi a baya kamar mai rakiyar amarya.

Washegari na dama kunun gyaɗa mai laushi, wanda ba ya bukatar haƙori, na nufi gidan Maman Godiya. A hanya na shirya jawabi mai tsawo, amma ina ganinta ya gudu, na durƙusa kawai na ce, "Yaya, ki yafe mini." Ta bar ni a durƙushe na ɗan lokaci (na cancanta), sannan ta ce, "Tashi, kada kunun ya yi sanyi." Muna zaune jikokinta suka shigo da gudu suna cewa a kunna, a kunna. Ta kunna fitilun, suka zube a gindin itacen roban nan suka yi shiru, ta ɗora musu labarin makiyaya daga inda suka tsaya jiya. Ta waiwayo ta ce mini, "In ba fitilun nan, kina tsammani waɗannan za su zauna?"

Na sha kunun da na kawo mata.

Abin da na koya shi ne, na tashi in sa Yesu a tsakiyar falo, na ɓuge da ajiye kaina a wurin. Na kuma gane Ubangiji ba ɗan aikena ba ne: in ina da magana da mutum, in sa takalmi in je in same shi. Addu'ata ma ta gajarce sosai tun daga lokacin. Mama tana cewa girma ne cikin bangaskiya, har tana ba da misali da ni. Ni dai na san tsoron abin da zan tarar in na buɗe ido ne.