Ranar Da Na Kai Fulatancina Birniwa

Ba zan taɓa mantawa da zaman da muka yi a zauren Alhaji Baba na Birniwa ba. Ko na so in manta ma, ƙanina Sani ba zai bari ba.

Ni malamin makaranta ne a Haɗeja, darasin zamantakewa nake koyarwa. Duk shekara sai na zana taswirar Jigawa a allo in rarraba ƙabilu kamar mai rabon gado: nan Hausawa, nan Fulani, can gabas wajen iyakar Yobe kuma Mangawa da Badawa da Ngizimawa. Yau da gobe abin ya hau min kai. Na fara ganin ko a kasuwar kifi na hango mutum, daga hularsa da tsagar fuskarsa zan faɗa maka asalinsa. Ni kuwa Bafulatani nake kiran kaina, na usul. Hujjata dogon hanci ne, da wata kakarmu da na ji an ce tana tallan nono. (Fulatancin da na iya duka-duka kalma ɗaya ce, "jam", ita ma a tasha na tsince ta.)

Sani manomin shinkafa ne a fadamar Auyo, mutum ne da sai ya wuni bai yi magana goma ba. Shekara uku yana neman wata yarinya 'yar Birniwa mai suna Falmata. Mahaifinta ya rasu, aurenta yana hannun baffanta, wato Alhaji Baba, wanda kowa ya shaida mai wuyar sha'ani ne. Mun kuma samu labarin akwai wani ɗan uwansu da shi ma yake so, kuma hankalin Alhajin ya fi karkata can. Mu ma mahaifinmu ya rasu, don haka ƙaninsa Baba Iliya ne zai jagoranci zuwa tambaya, ni kuma in raka shi a matsayin yaya.

Kwana uku kafin tafiyar ko abinci ba ya min daɗi. Ina tsoron a hana Sani, domin na san in ya rasa yarinyar nan ba zai faɗa wa kowa ba, zai dai rame ne a tsaye. Sai na zauna na yi nazari irin na masu ilimi. Sunan yarinya Falmata, gari Birniwa, ai magana ta ƙare: Mangawa ne, reshen Barebari. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa akwai wasa tun na kakanni, kowa ya kira ɗan uwansa bawansa, a yi ta tsokana ba mai fushi. Na ce shi ke nan, da wasan nan zan sassauto da tsoho.

A mota Baba Iliya ya ce min, "Malam, in mun je ka bar min maganar. Kai dai ka gaida mutane ka zauna."

Na ce, "To, Baba." Ban gaya masa shirina ba, don kada ya ɓata min.

Mun bar Sani a shagon wani abokinsa a bakin tasha, muka ƙarasa. Muna shiga zauren ƙamshin turaren wuta ya buge ni. Ga Alhaji Baba zaune a kan buzu, baƙi, dogo, da hula zanna a kansa, Hausarsa ma da karin mutanen Barno. Dattawa huɗu na gefensa. A raina na ba kaina maki ɗari.

Aka gaisa, aka sha ruwa, Baba Iliya ya ajiye goro ya faɗi abin da ya kawo mu cikin ladabi.  Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Shiru ya yi tsawo. Na ce wallahi in ban yi wani abu yanzu ba, cewa zai yi an riga an yi mata miji.

Sai na gyara murya, na yi wata dariya da ni kaina ban san ina da ita ba.

"Haba Baba Alhaji, tunanin me kake yi haka? Yaushe Babarbare ya fara shawara in ubangidansa Bafulatani ya zo? Ai ku bayinmu ne tun fil azal. Mun zo ɗaukar kayanmu ne, goron ma alfarma muka yi muku!"

Ba wanda ya yi dariya. Baba Iliya ya danne min yatsan ƙafa da gwiwarsa. Mai hankali a nan zai tsaya, ni kuwa na ɗauka wasan ne bai kai musu ba, sai na ƙara. Na ce in suka ba mu yarinyar za mu koya mata shan nono ta huta da burabusko.

Alhaji ya ajiye carbin. Ya dube ni sosai, sannan ya buɗe baki ya fara magana da wani yare, a hankali, doguwar magana mai daɗin ji, ƙarshenta da alamar tambaya. Ba Barbarci ba ne. Ko ni da jahilcina na gane Fulatanci ne tsantsa.

Zauren ya juyo yana jiran amsata. Na ce, "Jam."

Wani dattijo ya kau da kai yana tari. Alhaji ya koma Hausa. "Tambayarka na yi, daga wace zuriyar Fulani ka fito, ka ce min lafiya. Mu dai kakanmu da shanunsa ya zo ƙasar nan, muka zauna cikin Mangawa muka tashi tare. Falmata sunan maƙwabciyarmu ne, wadda ta karɓi haihuwarta. To kai fa, Malam?"

 Baba Iliya ne ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Alhaji, a yi mana afuwa. Mahaifina, kakan yaron nan, Bamange ne. Daga wajen Nguru ya biyo kogi yana su, ya zauna a Haɗeja ya auri Bahaushiya 'yar Auyo."

Na ce, "Baba, kakarmu mai nono fa?"

"Maƙwabciya ce. Goyon ubanka kawai ta yi. Hancin kuwa Allah ne ya ba ka."

(Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, da 'ya'ya huɗu, kuma duk na gaya musu su Fulani ne.)

Alhaji ya ce mu je za mu ji daga gare su. Bai taɓa goron ba. A hanyar komawa Sani ya tambayi yadda aka yi, Baba Iliya ya nuna ni da haɓa ya ce, "Tambayi Ardo." Da na ba shi labari bai zage ni ba, sai ya juya yana kallon gonakin da ruwa ya kwanta a kai har muka iso gida. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Kwana goma sha biyu ba labari. Duk wayar da ta yi ƙara sai in yi wuf in ɗauka. Sani ya tare a Auyo ya daina shigowa gari. Na rubuta wasiƙar ban haƙuri har sau uku ina yagawa. A rana ta sha uku aka aiko wai Alhaji yana nemana, ni kaɗai.

Na same shi a zauren nan, na durƙusa tun daga bakin ƙofa. Ya bar ni a haka na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Na aika Auyo an bincika min Sani. Ina so in ji ko abin a jini yake. An ce shi ba ya magana, kuma ba malamin makaranta ba ne. Na ba shi."

Hawaye suka cika min ido. Ina cikin godiya ya ɗaga hannu.

"Da sharaɗi. Tunda yanzu mun san waye Babarbaren, ranar ɗaurin aure bawana ne zai shimfiɗa tabarmi ya cika butoci."

Na shimfiɗa kuwa, da babbar rigata, rabin Birniwa suna kallo suna kirana Ardo.

Abin da na koya shi ne, kafin ka raba wa mutanen jiha guda asali, ka fara tambayar naka a gida. Yanzu ko a fom aka ce in rubuta ƙabilata, sai na ce a ba ni minti biyu in kira Baba Iliya.