Yadda Za Ka Sa Likitar Ƙungiya Ta Sake Ka da Gwiwa a Kumbure

Gwiwarka ta hagu ta yi suntum, wasan kusa da na ƙarshe Asabar ɗin nan ne, koci kuma ya riga ya faɗa a gaban kowa: "In Likita ba ta ce e ba, ko benci ba za ka zauna ba. Kuma riga mai lamba tara ba gadon gidanku ba ce." Kwantar da hankalinka, ka zo inda ake gyara. Matakan nan ba su taɓa ba kowa kunya ba. Na gwada su a kan ɗan wasan gabanmu da ake kira Tartsatsi, kuma har yau ƙafafunsa biyu suna jikinsa.

Mataki na ɗaya: Ƙarar da ɗingishinka a gida

Kada ka ɗauka sai ka hau gadon dubawa ake fara duba ka. Tagar Likita tana kallon inda ake ajiye motoci, kuma ba don shan iska ta juya teburinta can ba. Tana ganin ƙafar da ka fara saukarwa. Tana ganin yadda ka rungumi ƙarfen matakala kamar ɗan'uwan da ya dawo daga doguwar tafiya. To, sa hannu a aljihu ka hau kana fito. Haka Tartsatsi ya yi, gumi na bin bayansa. Mai fito ba ya nishi, riƙe wannan.

Mataki na biyu: Yi wa ciwo farashi mai sauƙi

Za ta ce daga ɗaya zuwa goma, ciwon nawa ne? Kada ka ce babu, wannan amsar yara ce. Kada ka ce biyar, biyar benci ce. Ce biyu. Daga nan za ta danna gefen gwiwar da babban yatsa, amma fuskarka take kallo. Tartsatsi ya washe baki har kunne.

"Biyu ka ce?"

"Biyu, Likita."

"To hawayen fa?"

"Son ƙungiya ne."

Mataki na uku: Toshe bakin gida

Likitar da ta san aikinta ba ta tsayawa a gwiwa, takan kira gida. Tartsatsi ya lallaɓa matarsa tun da safe. Ta ce, "Ni dai ba zan yi ƙarya ba, amma ba zan yi surutu ba." Ya ɗauka ya gama da wannan. Likita ta kira ta a gabansa, ta buɗe muryar wayar.

"'Yar'uwa, ya mai jiki?"

"Da sauƙi sosai, Likita."

"Madalla. Salla fa, a tsaye yake yi ko a kan kujera?"

Can matar ta ce, "Ai kujerar ma ƙarama ce."

Darasi: kafin ka ɓoye ciwo, ɓoye kujera.

Mataki na huɗu: In gajere ya kasa miƙewa, dogo ya duƙa

Nan ne babban sirrin, matso kusa. Likita ba ta gwada ka da kowa, da kanka take gwada ka. Za ta shimfiɗa tabarmar roba ta ce ka yi tsalle da ƙafa ɗaya, mai ciwon da kuma mai lafiyar, ta ga ko sun yi kusa da juna. In sun yi kusa, ka warke. Tunda mai ciwon ba za ta kamo mai lafiyar ba, sai mai lafiyar ta rage gudu ta jira ta. Zumunci ke nan.

Tartsatsi ya cije baki ya yi tsalle da ta hagu, ya dira kusan rabin tabarma, kuma bai faɗi ba. Da aka zo ta dama, mai lafiyar, sai baiwar wasan kwaikwayo ta motsa masa. Ya yi ɗan tsalle kamar kwaɗo mai mura, ya yi tangaɗi, ya dafe bango, ya ƙara da nishin da ba wanda ya tambaye shi. A nan nakan ce a sa gishiri da hannu, ba da ludayi ba. Na manta ban gaya masa ba.

Mataki na biyar: Karɓi hukunci da fara'a

Likita ta daɗe tana kallon ƙafarsa ta dama.

"Wannan a farkon kakar wasa ita ce take tsallake tabarmar nan gaba ɗaya."

"Tsufa ne, Likita."

Ta leƙa ta kira koci. "Ta hagun ta fi yadda na zata. Asabar dai babu, amma da na sa rai zai samu wasan ƙarshe. Yanzu ta damar ce ta tsorata ni. Sai an ɗauki hoto, kuma ba zai taɓa ƙwallo ba sai na san abin da ke cikinta."

Tartsatsi ya zabura. "Likita, wallahi lafiyarta ƙalau, kalli." Ya daka tsalle ɗaya ya tsallake tabarmar, saura kaɗan ya faɗa kan koci.

Likita ta naɗe hannu. "To ɗazu ka yi mini ƙarya ko yanzu? Gwiwa na san maganinta. Ɗan wasan da ban iya gaskata bakinsa ba, shi ne ban san ranar sakinsa ba."

Ka lura, an sami ci gaba: ya shigo da ƙafa ɗaya da ake shakka, ya fita da ƙafa biyu da baki.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan, shi da gwiwarsa. Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba, kuma in matarsa ta zo nemana a ce na yi tafiya. Ba ni da hannu a benci, ba ni da hannu a sandar dogarawa. Haka nan ba ni na aiko dogon saurayin nan ba, wanda ya hauro matakala bibbiyu a daidai lokacin da Likita ke yanke wa Tartsatsi hukunci, ba fito ba gumi, takalman ƙwallo rataye a wuya. Ya yi sallama, ya dubi Likita, ya dubi koci, sannan ya tsayar da ido kan Tartsatsi.

"Yaya, don Allah nan ne ake duba mutum kafin a ba shi lamba tara?"