Yadda Na Zama Mushe Dada

Shekarata ta farko da zama mushe, wato malamin makaranta, a lakwal ɗin Dumega, da kaina na kira direkta ya ga sabuwar dabarata: yara su zana harafi a iska kafin su taɓa allo. Na fuskance su, na zana "b" da yatsa, har da lumshe ido. Na manta damata hagunsu ce.

"To, ku rubuta baba!"

Suka ɗaga alluna. Kowa ya rubuta "dada", tsaf da shi.

Direkta ya gyara murya: "Mushe, gaskiya suna bin ka sosai."

Yau yaran nan sun yi gemu. Amma ko a kasuwar Dutsi, rusunawa suke: "Mushe Dada, ina wuni?"

Kuma amsawa nake.