Rijiyar da Ta Gaji

Shekara bakwai na yi a Kwatano, na dawo na tarar garinmu bai canza komai ba sai 'yar majalisa. Kanar Lantana ce, wadda ta yi shekara talatin a soja kafin ta ajiye kaki ta shiga siyasa. Ni kuwa zaman gida ya ishe ni, ko akuya aka taru a kanta sai na leƙa. Don haka ranar buɗe rijiyar burtsatsen da ta sa aka haƙa mana, ina sahun gaba.

Yadda ake yi a nan kowa ya sani. Ɗan kwangila ya kafa tanki a sama, ranar biki tankar ruwa ta zo da sassafe ta cika shi, honarabul ya murɗa famfo, ya kurɓa, a ɗauki hoto. Bayan kwana biyu mata su koma rafi.

Kanar ta iso ƙarfe tara daidai, maroƙa ma ba su gama karyawa ba. Ta zagaya tankin tana kallon ƙasa kamar mai neman allura. Ta murɗa famfo, aka yi guɗa. Sai ta ce a ba ta kujera, kowace mace ta ɗauko bokitinta.

Alhaji Tanimu ɗan kwangila ya matso yana gyara babbar riga.

"Ranki ya daɗe, abinci na hucewa. Honarabul na da, minti biyar yake yi a nan."

"Shi ya sa ya zama na da," in ji ta. "Zauna, Alhaji."

Ya zauna. Ƙarfe sha ɗaya ya cire hula. Sha biyu ya fara salati a hankali. Kafin azahar famfo ya yi tari sau biyu, ya tofar da iska, ya yi shiru. Mata arba'in na tsaye da bokiti, duk sun zuba wa Alhaji ido.

Alhaji ya share gumi ya ce, "Ranki ya daɗe, sabuwar rijiya ce, ba ta saba aiki ba. Gajiya ta yi."

Kanar ta dubi sawun tayoyin da ke cikin taɓo ta ce, "Dole ta gaji mana, Alhaji. Tun daga birni ta taso da asuba, a kan taya goma."